In ajiye aikina in shiga fafutikar kare muhalli?

Ƙanwar Kowa: Assalamu alaikum. Ilimin sinadarai na karanta, ina aiki a ɗakin gwaji. Wata ƙungiya mai yaƙi da sharar roba da man fetur ta ba ni aiki, kwantiragin shekara ɗaya. Raina na can, amma ni ke ɗauke da karatun ƙannena. Don Allah wanda ya taɓa irin wannan aikin ya faɗa mini, ana sabunta irin wannan kwantiragin?

Uwar Biyu: Ki karɓa 'yar'uwa, lada ne. Ana ƙera roba sama da tan miliyan 400 a shekara, kusan duka daga fetur da gas, kuma wadda ake sake sarrafawa ba ta wuce kashi 9 cikin ɗari ba.

Tsohon Ɗan Gwagwarmaya: Ƙanwata, ni na yi. Na bar koyarwa na shiga da zuciya ɗaya. Da aka amince a Nairobi a 2022 cewa za a yi yarjejeniyar roba ta duniya, har kuka na yi. Aka je taron tsara yarjejeniyar a birnin Busan na Koriya ta Kudu a 2024 aka tashi baram-baram, a birnin Janeba ma haka a 2025, ƙasashe masu mai sun ƙi a taƙaita ƙera robar. Ana cikin haka masu ba mu tallafi suka juya wani wajen, aka sallame mu ta saƙon waya. Rabin aikin ma rubuta takardar neman tallafi ne. Har yau ina biyan bashin lokacin.

Mai Lissafi: Allah Ya mayar da alheri, Yaya, amma ni da na shiga irin wannan aikin, albashina ya ninka na da, har da inshorar lafiya.

Tsohon Ɗan Gwagwarmaya: Ninki? Mu kuɗin mota kawai ake ba mu wasu watannin. Kai a ofis kake zaune, ka taɓa tsayawa gaban masu kamfani suna yi maka barazana? Ƙungiyar bincike ta Global Witness ta ƙirga masu kare muhalli 196 da aka kashe a duniya a 2023.

Mai Lissafi: Rahoton da nake rubutawa shi kuke ɗagawa a wajen zanga-zanga. Shawarata ma shawara ce.

Sarkin Raha: Ni dai in ta shiga ta yi mini alfarma, kada ta ƙwace ledar da nake rufe kai in ana ruwa 😄

Uwar Biyu: Ƙasar Ruwanda ta hana leda tun 2008, ba su narke ba. Abin da ke ci mini rai, masu tsintar roba a bola su ke yin aikin da hannunsu, amma in taron ƙasa da ƙasa ya zo, na ofis ke hawa jirgi.

Tsohon Ɗan Gwagwarmaya: Ƙwarai, Hajiya. Hotonsu kawai ake sa wa a bangon rahoto.

Ƙanwar Kowa: Na gode duka. To maganar sabuntawar fa? Litinin zan ba su amsa.