Scientology: addini ne kamar saura, ko kasuwa ce?

Ɗalibi: Assalamu alaikum. Ni a ganina duk abin da ake sukar Scientology da shi akwai irinsa a tsofaffin addinai. Laifinta kawai sabuwa ce. A farkon shekarun 1950 L. Ron Hubbard ya kafa ta a Amurka, kuma kowa ya san shi da rubuta ƙagaggun labarai, shi ya sa aka raina ta.

Malam: Wa alaikumus salam. Yaro, ka san abin da suke koyarwa kuwa? Wai shekara miliyan 75 da suka wuce wani sarkin sararin samaniya mai suna Xenu ya kwaso biliyoyin halittu, ya jibge su a bakin duwatsu masu aman wuta, ya tashe su da bama-bamai, wai rayukansu ne ke manne da jikin mutane har yau. Wannan za ka jera da saukakken littafi?

Ɗalibi: Allah gafarta Malam, ban ce gaskiya ba ne. Amma labarin gaibu na kowane addini baƙo ne a kunnen wanda ba ya ciki.

Lauya: Nan kam ɗalibi ya yi gaskiya, kotu ba ta auna addini da baƙuntar labarinsa. Babbar kotun Ostireliya ta karɓe su a matsayin addini a 1983, Amurka ta yafe musu haraji a 1993, kotun ƙolin Birtaniya ta amince a ɗaura aure a ɗakin ibadarsu a 2013. Amma a 2009 kotun Paris ta same su da laifin zamba, ta ci tarar rassansu biyu Yuro 600,000. Ba Xenu aka gurfanar ba, kuɗi ne: darussa, littattafai, ƙwayoyin bitamin, da na'urarsu E-meter, wadda mutum ke riƙe gwangwani biyu a hannu ana yi masa tambayoyi, allura tana kaɗawa.

Hajiya: Ni ɓoyon ne ya fi damuna. Alƙur'ani da Baibul duk mai so ya ɗauka ya karanta daga farko har ƙarshe, ko sisi ba shi da shi. Su kuwa sai ka hau mataki bayan mataki, kowanne da farashinsa, kafin a buɗe maka labarin nan da Malam ya faɗa. Mu ma ta takardun kotu da bakin waɗanda suka fita muka ji shi.

Ɗalibi: Hajiya, Cocin Katolika ta sayar da takardun yafe azabar zunubi, abin da ya tunzura malamin Kirista Martin Luther ya yi mata bore ke nan a 1517. Fastocin "shuka iri", masu cewa ka ba da kuɗi Allah ya ninka maka, fa? Malaman tsibbu fa?

Malam: Mai tsibbu ya ci kuɗinka, da littafin da yake riƙe za ka ƙure shi. Wanda aka rubuta farashi cikin dokarsa, da me za ka ƙure shi?

Mazaunin Jamus: A nan hukumar tsaron cikin gida ta fara sa musu ido a 1997. Kuma kada a manta, a 1977 jami'an FBI sun kai samame ofisoshinsu saboda sun cusa mutanensu cikin ma'aikatun gwamnatin Amurka suna satar takardu. Mutum 11 aka yanke wa hukunci, har da matar Hubbard, Mary Sue.

Ɗalibi: Laifin shugabanni ne wannan. Wane addini ne bai taɓa yin mugun shugaba ba?

Hajiya: To raba uwa da ɗa fa? Da zarar sun ayyana mutum maƙiyi, sai danginsa na ciki su yanke hulɗa da shi. Cocin Scientology ta ce zaɓin mutum ne. 'Yar fim Leah Remini, da ta fita daga cikinsu a 2013, ta ce dole ce.

Ɗalibi: Don Allah Hajiya, a unguwarku wani ya bar addini yau, wa zai ci tuwo da shi gobe?

Hajiya: Ana ƙauracewa, ban musa ba. Amma babu ofishin da ya ajiye fayil na sirrin da ka faɗa a zaman tambayoyi. Su suna rubutawa su adana, kuma waɗanda suka fita sun ce da shi ake yi musu barazana.

Lauya: Cocin ta musanta wannan, a faɗa don adalci.

Ɗalibi: Maganar fayil na karɓa. Ta ƙauracewa kuwa har yanzu ba a ba ni amsa ba.