Garba biyu a gida ɗaya, wanne ne mai gidan Gangare?

Ɗan Gangare:
Slm jama'a. Dan Allah masu sanin tsofaffin takardu ku taimaka min. Bayan rasuwar gwaggonmu muka buɗe adakarta muka tarar da takardu guda uku a naɗe cikin leda, duk sun yi ja. Ɗaya da ajami, cinikin gida a Gangare fam goma sha biyu. Ta biyu da boko an buga ta da tafireta akwai kan sarki a manne. Ta uku ɗan rasit ne na fili a Bukuru. Duka ukun sunan Garba Kano ne a jiki. To matsalar, Garba biyu ne a gidanmu lokacin Turawa, ɗan wa da ɗan ƙani, duk sunan kakansu aka sa musu, kuma tare suka taho Jos neman kuɗin kuza. Ɗaya kakan babana ne, tela, ɗayan ya fara da ɗaukar kwano har ya zama hedman, wato shugaban leburori. Ni ba gado nake nema ba wlh, gidan ma an sayar tun kafin a haife ni, tarihin zuri'a nake haɗawa saboda yara. Ta yaya zan gane wanne ne wanne?

Malam na Dilimi:
Wslm ɗan uwa. Ka manta da sunan tukuna, ba abin da zai gaya maka. Rabin mutanen Jos na lokacin sunansu garinsu ne, wane Kano wane Zariya wane Bauci, akawu ya tambaye ka daga ina ka ce Kano shikenan ya zama sunanka har ka mutu. Abin da zaka duba shine iyaka. Irin waɗannan takardu yawanci sukan ce gabas da shi gidan wane, yamma hanya, kudu wane, arewa wane. Ka rubuta maƙwabtan nan a gefe, takarda ta ɗaya da ta biyu, ka ga ko akwai wanda ya maimaitu. In maƙwabcin gabas ɗaya ne to gida ɗaya ake magana. Sannan shaidu, kowa da mutanensa ai, tela telolin layinsu zai kira su sa hannu, hedman kuma 'yan kamfani.

Kan sarkin ma ka ƙura masa ido. In sarkin mai gemu ne George na biyar kenan, ya mutu 1936. In ba gemu George na shida ne, har 1952. In Sarauniya ce daga 1953 zuwa gaba. Kuɗi kuma fam da sule duk kafin 1973 ne da naira ta shigo, amma wannan ba zai raba maka su ba tunda sa'o'in juna ne.

Maman Abba:
Ɗana kafin ka wahalar da idonka, akwai tsohuwa da ta rage a dangin? Je ka same ta yau ba gobe ba. Amma kar ka ce mata Garba, ƙila ma ba zata iya faɗin sunan ba in mijinta ne ko surukinta, ai ka san alkunya. Mu a gidanmu sai da na girma na san sunan kakana na yanka, mai shago kawai ake cewa. Ka tambaye ta wa ya zauna a gidan mai rijiya, wa ya yi karatun allo mai zurfi, wa ya riga wani aure. Ka tafi mata da goro da kati kuma kar ka yi gaggawa.

Tsohon Akawu:
Ƙari akan maganar malam. Kar ka sa ran samun irin takardar mallaka ta gwamna da ake yi yanzu. A Arewa tun dokar 1910 ƙasa tana ƙarƙashin ikon gwamna ne, talaka galibi gini yake saya da izinin zama, shi yasa takardun suke na En'e, wato hukumar gargajiya, ko na alƙali ko na mai unguwa. Jos kuma gari biyu ne a lokacin, ɓangaren Turawa da ma'aikata daban, cikin gari na En'e daban. Ni na taɓa zuwa gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa a Kaduna neman namu, fayil ɗin lardin Filato suna can, amma ka tuna sai 1926 aka yi lardin, kafin nan Jos a ƙarƙashin lardin Bauci take. Gaskiya yawancin abin da na gani wasiƙun Razdan da D.O. ne da lissafin haraji, sunan ɗaiɗaikun talakawa sai ka dace. Kwana uku na yi, suna ɗaya na samo, shi ma ban da tabbas namu ne.

Sarkin Gardama:
Hmm kowa haka yake cewa ba gado ba ne sai takarda ta fito. Ka dai ɗauki hoto ka ɓoye asalin kafin jikokin hedman su ji labari 😂

Ɗan Gangare:
Nagode ƙwarai Allah ya saka. Jiya na kai ta ajamin wajen limamin unguwarmu ya karanta min a hankali, ashe ni tsallake layin ƙarshe nake yi dan tawadar ta dushe. A cikin shaidu akwai "Garba ɗan uwansa". Wato ɗaya ya saya ɗaya ya yi shaida, su biyun suna kan takarda ɗaya! Mai saye dangwale ya yi da yatsa, mai shaida kuma ya rubuta sunansa da hannunsa. Na kira ƙanwar kakana a Kano kamar yadda mama ta ce, tace ai babansu tela har yara yake koya wa allo a zaure, hedman kuwa ko baƙi bai sani ba. Kenan gidan Gangare na hedman ne, mu kakanmu shaida kawai ya yi, shekara da shekaru muna cewa gidanmu. Ta biyun sarkin ba gemu, maƙwabcin gabas kuma shine dai na farkon, itama dangwale. Rasit ɗin Bukuru ne ya gagara, ba iyaka ba shaida ba komai sai suna da sule goma.

Malam na Dilimi:
Juya bayansa ka haska da tocila, wani lokaci akawu yakan rubuta lambar fuloti da fensir.