Tunkiyata ta mutu ta bar 'yan biyu, wane hatsi zan ba su?

Hajiya ta Gwammaja: Salamu alaikum 'yan zaure. Tunkiyata Balama ta mutu ranar Talata, ta bar min 'ya'ya biyu, satinsu biyar. Ina dama musu kunun gero ina ba su a fida, to tun jiya zawo suke yi, ɗayan ma ko miƙewa ba ya son yi. Me zan canza?

Baba Mai Raguna, Ɗorayi: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Ki ajiye kunun nan tukuna. Madara a fida, hatsi a kwano, ba a haɗa su. Ki samu masara ki kai inji, ki ce barzawa za a yi, ba niƙa ba. Ki tsaya a kansa, don masu injin nan in ka juya baya sai su mayar maka da ita garin tuwo.

Hajiya ta Gwammaja: Baba, ni da na ga kunun ya fi laushi a cikinsu?

Ɗalibar likitan dabbobi: Hajiya, gaskiyar Baba ce. Abin da ɗan tunkiya ya tsotsa ba ya shiga tumbi, kai tsaye yake zarcewa ciki na huɗu (cikin tunkiya kashi huɗu ne), wanda aikinsa narkar da nono ne. A wannan shekarun sitacin gero bai narkuwa sosai a can, shi ya kawo zawon. Amma tsakin da ya tauna a bushe tumbi yake faɗawa, ya ruɓa a can, kuma wannan ruɓawar ce ke sa tumbin ya girma har ya iya cin ciyawa. Dafa hatsi dabara ce ta masu kiwon aladu, saboda ɗan alade ciki ɗaya gare shi, in an yaye shi da wuri dafaffen hatsi ya fi masa sauƙi. Mai tuƙa daban ne. Wanda ba ya tashin nan kuwa, a kai shi a duba yau, zawo na saurin ƙarar da ruwan jikinsu.

Na Kurna: Ni dawa nake ba nawa. Farfara ko kaura. Jar nan mai ɗaci-ɗaci a baki ba sa cinta da daɗi.

Baba Mai Raguna, Ɗorayi: Dawar ma ta yi. Abin dubawa ya fi yawa a wajen saye. In kin aika Dawanau, a zura hannu har tsakiyar buhu, a shinshina. Bara na kwashi wata masara mai araha, sama fes, ashe ƙasan buhun ya sha rima, ƙwayar ta yi kore-kore ta dunƙule. Na ce ai dabba ce, na barza na ba su. Sati biyu ƙananan suka daina ci, gashinsu ya tashi. Ƙarshe rabin buhun bola na kai. Haka ƙuli-ƙuli, in ya yi funfuna ko yana warin tsohon mai, a bar shi.

Maman Yara, Rijiyar Lemo: Dusa fa? Mu ita muke jiƙawa kowa ya sha.

Ɗalibar likitan dabbobi: Dusar alkama kaɗan a cikin haɗin ba laifi, Mama. Amma dusa zalla kullum tana sa wa maza tsakuwa a mafitsara. Angurya kuma a bari sai sun girma, akwai wani sinadari a cikinta da ke cutar da ƙanana. Hajiya, tsaki kashi uku, dakakken ƙuli-ƙuli mara yaji kashi ɗaya, ɗan gishiri. A fara da cikin tafin hannu ɗaya, a riƙa ƙarawa sannu a hankali, in aka cika musu lokaci guda ciki zai kumbura. Harawa mai ganye da ruwa mai tsafta su kasance a gabansu kullum. Kada a yanke madara sai kowanne yana cinye kamar giram 200 zuwa 250 na haɗin a rana.

Na Kurna: In sun ƙi kula kwanon, ki shafa musu tsakin a baki da sun gama shan madara. Kwana biyu za su gane hanya.

Hajiya ta Gwammaja: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yaro ya tafi da mara lafiyan asibitin dabbobi yanzu. Baba, tiya nawa zan barza a karon farko?

Baba Mai Raguna, Ɗorayi: Ɗaya ta isa. Barzajjiyar masara ba ta jimawa kamar ƙwaya, balle yanzu da damina. In ta ƙare a sake komawa inji.