A firi take, amma giya ta ƙone: jan motar tsere daga Kaduna zuwa Kano

Mai ƙorafi: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na kwana biyu ina haɗiye wannan magana, amma yau sai na faɗe ta ko zuciyata ta yi sanyi. Makon jiya na faɗa rami da motata, Mercedes SLK ƙirar 2008 mai kujera biyu, a bayan garin Kaduna, kaskon man inji ya tsage, mai ya tsiyaye, ba halin a tayar da ita. Na kira mai janwe, ya ɗaga gabanta ya bar ƙafafun baya a ƙasa. Na gaya masa cewa motar da ƙafafun baya take ja kuma otomatik ce, ya ce in kwantar da hankalina tunda ta shiga firi. Haka ya jawo ta har Kano, fiye da kilomita 200. Da muka tsaya salla a Zariya na ji ƙauri yana tasowa daga ƙasan motar, ya ce birki ne. Bayan an sauya kaskon an tayar da inji, sai giya ta ƙi ɗauka, man da aka zuƙo daga cikinta kuwa baƙi ƙirin da ƙyalƙyalin garin ƙarfe. Abin da nake cewa shi ne, motar da ke ja da ƙafafun baya ba a yi mata doguwar tafiya ƙafafun baya suna ƙasa, firi ko ba firi ba, kuma jahilcin masu janwe ne ke jawo wa mutane irin wannan asara.

Mai janwe: Alhaji, Allah Ya mayar da alheri, amma kalmar jahilci ta yi nauyi a bakinka. Shekarata ashirin da ɗoriya a wannan sana'a, mu ne muke fita cikin dare da ruwan sama mu ɗebo motocin da masu su suka gudu suka bari. Mutum ɗaya ya yi maka ba daidai ba, sai ka haɗa mu duka ka yi mana kuɗin goro?

Tsohon direba: Gaskiyarka. Ni na tuƙa Peugeot 504, wadda a da ake haɗawa a Kaduna, ita ma da baya take ja, kuma sau nawa muka ɗaura mata igiya muka jawo ta daga gari zuwa gari ba abin da ya same ta. Waɗanda suka koya mana ba su shiga aji ba, amma ba wanda ya isa ya kira su jahilai a gabana.

Malamin aikin mota: Baba, da girmanka, 504 ɗin da kuka tuƙa giyar hannu gare ta, tasa kuwa otomatik ce, kuma a nan bambancin yake. A cikin otomatik akwai famfon da ke tura mai zuwa dukkan sassan giya, kuma inji ne ke juya wannan famfo. Idan inji a kashe yake, famfo ya tsaya. Ƙafafun baya kuwa muddin suna birgima a kan titi, za su juya aksul, aksul ya juya furofela, wato doguwar sandar da ta haɗa giya da aksul na baya, furofela ta juya ƙarafan cikin giya, duk a bushe babu mai. Firi tana raba inji da ƙafafu ne kawai, ba ta raba ƙafafu da giya. Shi ya sa littafin da kamfanin Mercedes ke bayarwa tare da irin wannan mota ya ƙayyade cewa kada a wuce kilomita 50, kuma kada gudu ya wuce kilomita 50 a awa ɗaya. An ninka wannan nisa fiye da sau huɗu. Ita ma giyar hannu ba ta tsira gaba ɗaya ba, domin a yawancinsu haƙoran da ke watsa mai ba sa juyawa sai inji yana aiki, haƙurinta ne kawai ya fi na otomatik.

Tsohon direba: Ɗana, ban musa karatunka ba. Tambayata ita ce, wanda bai ga wannan littafi ba, kuma an rubuta shi da yaren da ba nasa ba, jahili ne? Rashin sani daban, jahilci daban. Jahili shi ne wanda aka nuna masa gaskiya ya ƙi.

Mai ƙorafi: To ai an nuna masa, Baba. Da bakina na gaya masa a gefen titi kafin ya ɗaura sarƙa.

Mai janwe: Ka gaya masa, amma ka yarda ya ja. Da ka tabbata da abin da kake faɗa, da ka hana shi taɓa motar. Ku masu irin waɗannan motoci idan aka faɗa muku kuɗin babbar motar da ke ɗaukar mota a bayanta sai ku ce ya yi yawa, ku zaɓi mai araha, in abu ya lalace kuma ku ce mu ne jahilai.

Makanike: Ni abin da ya dame ni shi ne yadda ake magana kamar sai da littafi ake sanin mota. Malam ya yi dogon bayani, amma bai faɗi maganin da kowane yaron gareji ya sani ba. A shiga ƙasan mota a kwance furofela daga wajen aksul na baya, a yi mata alama da fenti don a mayar da ita yadda take, a ɗaure ta sama da waya mai ƙarfi kada ta taɓa ƙasa. Shi ke nan, ƙafafu su yi ta juyawa, giya tana hutawa. Wannan ilimin hannu ne, ba a allo muka koye shi ba.

Malamin aikin mota: Maigida, ban raina ilimin hannu ba, kuma abin da ka faɗa daidai ne. Sai dai motar nan cikinta kusan a ƙasa yake, kuma sau da yawa sai an sauke salansa da faifan da ke tare zafi kafin hannu ya kai ga furofela. Wa zai yi wannan a gefen hanya da daddare?

Makanike: Ni zan yi, na kuma sha yi. Wanda bai taɓa kwanciya a ƙarƙashin mota ba ne yake ganin abin da wuya.

Malamin aikin mota: Shekara shida na yi a gareji kafin in koma makaranta, saboda haka wannan magana ba da ni take ba.

Dillalin motoci: Ku yi haƙuri in sa baki. Me ya hana a ɗaga bayan motar a bar gaba a ƙasa? Ni haka nake gani ana yi.

Mai janwe: Ana yi, amma ba ga wannan ba. In ka ɗaga bayanta, bambar gaba za ta riƙa shafar kwalta, kuma dole a ɗaure sitiyari tamau da abin da aka yi don haka, domin makullin sitiyari na mota ba zai riƙe ba. Ka ga ashe mun san aikinmu. Har yanzu dai ina jiran Alhaji ya janye kalmarsa.

Tsohon direba: Ni ma ita nake jira. A da, ko yaron mota ba a kiransa jahili a bainar jama'a.

Shugaban zaure: Jama'a, magana ta yi tsawo, bari in tattara ta. Abin da na fahimta shi ne, mafi yawanmu mun yarda cewa kalmar jahilci ba ta dace ba, kuma masu janwe mutane ne da ke taimakon al'umma cikin haɗari. An kuma nuna cewa mai mota shi ya fi kowa sanin motarsa, kuma shi ya amince aka ja ta, saboda haka babban kaso na laifin yana wuyansa. Ni kaina na yi shekaru ina harkar sufuri, kuma ban taɓa ganin alheri a motar da ba a iya jan ta da igiya ba. Alhaji ya ba da haƙuri, a rufe wannan babi.

Mai ƙorafi: Ranka ya daɗe, na janye kalmar, kuma ina ba Baba da duk wanda ta ɓata wa rai haƙuri. Amma a cikin tattarawarka ban ji an ambaci kilomita 50 ba, ban ji an ambaci famfon mai ba, alhali ba wanda ya musa su a nan, har shi mai janwe. Yanzu dole motar ta tafi Abuja wajen mai gyaran giya, kuma a bayan babbar mota za ta hau, ƙafafunta huɗu a sama. Malam, me zan lura da shi?

Malamin aikin mota: Alhaji, ka tsaya a wurin lokacin da ake ɗora ta. A shimfiɗa dogayen katakai a bakin gangaren domin kada bamba ta daki ƙarfe, a ɗaura ƙugiyar jan a ramin da aka tanada a bambar gaba, ba a ƙafa ko sandar sitiyari ba, a ja ta a hankali. Idan ta hau, a ɗaure tayoyi huɗun da bel, kowace da nata, kada a rataya sarƙa a aksul ko a jikin motar, sannan a ja hambirki. Ka ce wa direba ya tsaya bayan tafiyar kamar kilomita ashirin ya sake taɓa kowane bel, domin a farkon tafiya suke sassautawa, ya kuma sake dubawa idan kun isa Kaduna.