Tsuntsun da ke saran ɗorawa: maƙwaƙƙwafi ne?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. A gonakin wajen Zariya akwai wani tsuntsu mai kai ruwan toka, bayansa kore-kore, yana hawa jikin ɗorawa yana sara da baki. Wani da ja a ka, wani babu. Iri biyu ne? Kuma yaya ake raba shi da masu kama da shi?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Iri ɗaya ne, maƙwaƙƙwafi mai ruwan toka, tsawonsa kamar santimita 20. Mai jan kai namiji ne, marar ja tamata. Ka jira ya tashi, za ka ga ja a gindin wutsiya, dukansu suna da shi. Tashinsa ma alama ce: ya kaɗa fiffike ya yi sama, ya rufe ya yi ƙasa.

Amsa ta 2: Malam, kafin launi ka dubi zama, don a inuwar ganye launi yana ruɗi. Maƙwaƙƙwafi a tsaye yake manne da itace, ya dogara da wutsiyarsa mai tauri, yatsu biyu gaba biyu baya, baki miƙe kamar kurfi. In ka ga ƙirji rawaya-rawaya da ɗige-ɗige baƙaƙe ƙanana, wani irin ne daban. Namijinsa na da jan layi daga gefen baki, kuma yana yawan sauka kan suri neman gara da tururuwa. Ka fita da sassafe, rana a bayanka, in ba haka ba baƙi kawai za ka gani.

Amsa ta 3: Alhudahuda ba ya ruɗa mutum: tukku, dogon baki siriri mai ɗan lanƙwasa, a ƙasa yake kiwo. Wanda ya fi ruɗa mutane shi ne baƙin tsuntsun nan mai sheƙin kore, mai jan baki lanƙwasasshe da doguwar wutsiya mai farin ɗigo. Shi ma yana hawa itace, amma zura baki yake cikin ɓawo, ba ya sara, kuma garke suke tafiya da hayaniya.

Amsa ta 4: A ƙara da tsuntsayen nan masu kaurin baki da ke cin ɓaure. Su ma suna fafe rami a busasshen reshe, shi ya sa rami kaɗai ba hujja ba ne. Amma a kan reshe suke zama, ba sa dogara da wutsiya. Don Allah a bar busassun rassan nan, a ciki suke ƙyanƙyasa.