Madam na son silima da abincin Indiya ranar Asabar, ta ina zan fara?

Ɗan Wunti:
Salam jama'a. Dan Allah a ba ni shawara, madam ce ta kafe sai na kai ta silima wannan Asabar ɗin, wai ta gaji da kallo a waya, kuma daga nan mu wuce mu ci shinkafa da kori irin wanda take gani a finafinan Indiya. Muna Fadaman Mada a Bauchi. Ba wurin 'yan gayu nake nema ba, inda za mu zauna mu ci mu tashi kawai, aljihun ƙarshen wata ne.

Baban Ilham:
Wa'alaikumussalam ango. Ni dai in ina son babban allo Jos nake tafiya, wajen awa 2 ne in hanya ta yi kyau, ka bi Nabordo da Toro ka wuce Tilden Fulani shi kenan ka shiga. Amma ku fita da sassafe, ka nemi fim ɗin da ake farawa bayan azahar, don na Indiya yakan kusa awa 3, in ka yi wasa la'asar za ta wuce ku a ciki, kuma gaskiya ban ba ka shawarar dawowa da dare a hanyar nan ba. A ɗauko mata rigar sanyi, ga AC ga sanyin Jos. Ku ci abinci kafin fim, ba bayansa ba, in ba haka ba gugguru da lemon ciki za su cinye kuɗin korin.

Ummu Khairat:
Malam ka dai tambaye ta da kyau me take nufi, don wallahi ba garin korin da muke barbaɗawa a dafa-duka ba ne, miya ce guda mai kauri, albasa mai yawa ake soyawa har ta yi ja a sa citta da tafarnuwa da kurkur da kanumfari da tumatir sannan kaza, wasu su ƙara yogot ko madarar kwakwa, a ci da basmati ko burodinsu na naan. Ƙamshin yana da ƙarfi, wanda bai saba ba yakan yi cokali uku ya ajiye. In karon farko ne ta ce a ba ta butter chicken, wato miyar kaza mai bota, ba shi da zafi sosai, kai kuma ka ɗauki biryani, dafa-dukarsu ta shinkafa da nama, ku riƙa ɗanɗana na juna. Kada ka nemi naman sa, yawanci kaza ce da rago, kuma ka tambayi wa ya yanka, ba abin kunya ba ne.

Duk kayan nan fa akwai su a kasuwar Muda Lawal, ni a gida nake yin nawa, ya fi auki.

Sarkin Yaƙin Yelwa:
Hhhh mutum yana garin masa zai ƙona mai har Jos saboda miya. Yallaɓai ka saya mata masa da miyar taushe, ka kashe fitila ka kunna fassarar Algaita, an gama.

Ɗan Wunti:
Sarkin Yaƙi kai dai ba ka yi aure ba shi ya sa. Baban Ilham na gode, Hajiya Ummu na nuna mata saƙonki, yanzu kuma cewa take sai an yi duka biyun, Jos wannan satin, girki sati mai zuwa. Kurkur ɗin na gari zan sayo ko ɗanye?