Ƙanena zai auri 'yar garin Madani, yaya zan karɓe ta?

Yayar Ango, Gadarif:

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana. Abin farin ciki ne ya same mu, amma akwai ɓangarensa da ya hana ni barci, shi ya sa na kawo shi gabanku.

Asalinmu Hausawan garin Mai Wurno ne a nan Sudan, noman riɗi da dawa ne ya kawo mahaifinmu Gadarif, a nan muka tashi. Mu shida ne, ni ce babba. Autanmu ne zai yi aure bayan an gama yankan riɗi, in Allah ya kai mu. Innarmu ta rasu shekara huɗu ke nan, to ni ce yaya, ni ce uwar ango. Da bayana na goya yaron nan.

Yarinyar ba Bahaushiya ba ce, Balarabiyar Wad Madani ce. Sun gudo nan a watan Disamba na 2023 lokacin da yaƙi ya ci garinsu, aka sauke su a wata makaranta kusa da mu. Ƙanena yana cikin samarin unguwa masu kai musu ruwa da abinci, a can suka ga juna. Da sojoji suka karɓe Madani a Janairun 2025 iyayenta suka koma, suka tarar an kwashe gidan tas, har ƙofofi an ɓalle. Yanzu ita kaɗai za a dawo da ita cikinmu, babu uwa kusa, babu 'yar uwa.

Hausa kuwa ban da "sannu" ba ta jin komai. Mu duk muna jin Larabci, amma a tsakar gida Hausa bakinmu ya saba. Ranar da ta zo gaida Gwaggonmu da ba ta da lafiya, ta zauna a bakin angarib, gadon igiya, kamar wadda za ta tashi. Wani jikan gidan ya kifar da kwaryar fura, matan yayyensa suka kwashe da dariya suna tsokanarsa. Na ga ta ja tob ɗinta, wato mayafinta, ta rufe rabin fuska, idonta ya ciko. Ta ɗauka da ita ake. Har yau abin yana ci mini rai.

Sai maganar biki. Mahaifiyarta tana son a yi wa ango lalle, a yi jirtik, al'adar bikinsu da ango da amarya ke fesa wa juna madara, kamar yadda aka yi mata. Gwaggo ta ce ɗan ƙanenta ba za a zaunar da shi gaban mata a fesa masa madara a fuska ba, ita kamu ta sani da sayen baki da buɗar kai. Ta kuma fara tambayar gara da kayan ɗaki, alhali mutanen nan ko katifar kwana sai da aka taimaka musu. Ƙarfinmu ba zai ɗauki biki biyu ba. Don Allah ku ba ni shawara, ta ina zan kama?

Hajiya Babba, Mai Wurno:

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya ji ƙan Innarku, ya sa albarka a wannan aure. Jikata ce ke rubuta mini, ni nake faɗa.

Ki fara da Gwaggonku, kuma kada ki je mata da gardama. Ki je da daddare da goronki, ki zauna ƙasa, ki ce mata kin zo ne ta ɗora ki a hanya tunda ita ce uwa. Tsoho abin da yake tsoro shi ne a yi sha'ani a bayan idonsa. In ta saki jiki, ki tuna mata su wa muke. Kakanninmu bayan yaƙin Burmi da Turawa na 1903 suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda garinmu ya ci sunansa, a ƙasa suka tako, da yara a goye, har suka sauka nan bakin kogin Nilu babu abin da suka mallaka sai allo da buta. Kakata ta sha ba mu labari tana kuka. Jikar waɗannan mutane ba ta kamata ta tambayi ɗan gudun hijira gara ba. Ki faɗa mata da laushi, za ta ji, don ita ma ta san labarin.

Kayan ɗaki ku yi mata da kanku, ku 'yan uwan ango. Kowace ta kawo abin da za ta iya, wannan tukwane, wannan zannuwan gado, ku yi jere tun kafin a kawo ta. Kuma kada a ji a bakin kowa cewa ku kuka yi. In 'yan ganin ɗaki sun zo, kayan amarya ne, shi ke nan.

Maman Walid, Kasala:

Yaya, ni abin da kika faɗa na dariyar nan shi ya taɓa ni, don rayuwar mahaifiyata kika ba da labari. Ita ma ba Bahaushiya ba ce. Ta ce shekararta ta farko a gidan kakanninmu, in an yi dariya sai ta shige ɗaki ta yi ta kuka, ba don an zage ta ba, don ba ta san me aka ce ba. Wadda ta cece ta ƙanwar babanmu ce. Kullum tana gefenta, ana magana tana raɗa mata da Larabci: ga abin da aka ce, ga abin da ya ba mu dariya. Wata shida ta fara mayar da magana, yanzu kuwa har karin magana take yi mana.

To ki zaɓar mata mutum ɗaya a gidan, sa'arta, mai sakin fuska, ba mai kai-da-kawo ba. Sannan ki tara facalolinta tun yanzu ki ce musu in tana wurin a juya harshe zuwa Larabci, ko a fassara mata nan take. Ba har abada ba, kafin kunnenta ya buɗe.

Wani abu kuma, ki ba ta abin da za ta riƙe wanda ta fi ku iyawa. 'Yan Madani akwai hannu a kisra, siririyar wainar dawa, da haɗa jabana, wato gahawa. Ranar da ta fara shiga girki ki ce ta koya muku nata, ke kuma ki koya mata miyar kuka da dama fura. Wanda ake nema wajensa ba ya jin kansa baƙo.

Abu Hafsa, Makka:

Allah ya sanya alheri 'yar uwa. Ni maganar kuɗi zan yi. Kada ku ci bashi saboda bakin mutane. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wa Abdurrahman ɗan Aufu ya yi walima ko da da akuya ɗaya ce. A ɗaura aure a masallaci, a yi walima ɗaya, a kira masu agashe, wato tsire, na unguwarku su gasa nama, ya wadatar. Shelar Larabawa, wato kayan da ango ke kai wa amarya, da lefenmu ai abu ɗaya ne, suna ne ya bambanta: ku haɗa tob da atamfa da turare a akwati guda gwargwadon hali. 'Yan uwanku da ke nan Saudiyya ku sanar da su da wuri, masu niyya su tura kuɗi ta manhajar banki ta Bankak.

Sannan su je a gwada jininsu. A nan tun 2004 hukuma ta wajabta gwajin sikila kafin aure, kuma kin san cutar tana cikin jama'armu.

Ummu Salma, Damazin:

Ni dai ku yi haƙuri, ina tare da Gwaggo ta wani gefen. Kullum mu ne ke sakin namu. Yau an bar buɗar kai, gobe an juya harshe a tsakar gida, jibi 'ya'yan ƙanenki su tashi ko "ina kwana" ba su iya ba. Gidaje nawa muka gani haka a Khartum? Ita ce ta shigo, ita za ta koya.

Maman Walid, Kasala:

Ummu Salma, tsoronki gaskiya ne, amma ki dube ni. Uwata ba ta jin Hausa aka kawo ta, ga shi da Hausa nake amsa miki. Yaro harshen gidan da uwarsa ta ji daɗi yake ɗauka. In aka ƙuntata mata, ita da kanta za ta janye 'ya'yanta daga tsakar gida.

Hajiya Babba, Mai Wurno:

Babu wanda ya ce a bar namu. Jirtik na gidan amarya ne, a yi shi can Madani a hannun tsofaffinsu, su shimfiɗa jan zanensu, su ɗaura musu zaren alhariri, su shafa musu turarensu. Uwar da ta rasa gida kada a hana ta wannan ma. In maganar madara ce ta dami Gwaggo, a roƙi arziki su kurɓa kawai, na ga inda aka yi haka. Buɗar kai kuma namu ne, a ɗakinmu, ranar da aka kawo ta. Gwaggo da hannunta za ta yaye mata mayafi, ta ba ta tukwici, ta raɗa mata sunan da gidan zai riƙa kiranta.

Yayar Ango, Gadarif:

Allah ya saka muku da alheri, ya bar zumunci. Hajiya, na bi maganarki, jiya bayan isha'i na je wajen Gwaggo da goro. Da na ambaci tafiyar kakanni ta yi shiru mai tsawo, sannan ta aike ni na janyo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gadonta. Tasoshin Innarmu ne a ciki, na auren fari, ashe ita ta adana su. Ta ce a wanke a jera wa yarinyar. Maganar madara dai ta ce tukuna, sai ta yi tunani, ban matsa mata ba. 'Yar ɗaya daga cikin ƙannena mai shekara sha tara ta ce ita za ta zauna da amarya. Gwajin jini kuma na faɗa wa ango, ya ce zai kira mahaifinta gobe su sa rana.

Saura abu ɗaya: Gwaggo ta ce in nemo sunayen da za ta zaɓa a ciki, amma wanda bakin uwar yarinyar zai iya faɗa in ta kira waya. Maman Walid, wane suna aka sa wa mahaifiyarki?